Mene ne Babakere? Rikicin Fataken Ingila a kan Zabibi

Da zarar farashin siminti ko shinkafa ya tashi, kalmar da ke fara fitowa daga bakin mutane ita ce babakere, wasu su ce kane-kane. Sau da yawa kuma akan liƙa ta ga duk wanda ya ƙasaita a kasuwa. Amma ɗan kasuwa na iya fin kowa jari da ciniki, in dai wani zai iya kafa rumfa kusa da tasa ya sayar da irin hajarsa, to ba a kai ga babakere ba tukuna. Babakere shi ne a tare hanyar wata haja, ta yadda mutum ɗaya ko 'yan tsiraru ne kaɗai ke yanke wanda zai saya, da wanda zai sayar, da kuma nawa. Wani lokaci ƙarfin jari ke haifar da shi, amma mafi wuyar karyawa shi ne wanda hukuma ta sa wa hannu.

Irin wannan na biyun ne fataken Landan suka samu a cinikinsu da Daular Usmaniyya ta Turkiyya. A 1580 William Harborne ya samo wa Ingilawa izinin fatauci daga Sarkin Musulmi Murad na Uku. A 1581 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta bai wa wasu attajirai, cikinsu har da Edward Osborne da Richard Staper, takardar da ta keɓe musu wannan ciniki. A 1592 aka haɗe su da masu fatauci zuwa Banis (birnin Venice da ke Italiya ta yau), aka samu Kamfanin Levant, wato kamfanin fataucin gabashin Bahar Rum. Sukan kai yadin ulu, su dawo da siliki da auduga da kayan yaji, ga kuma busassun 'ya'yan itace, irin su ɓaure da zabibi na Izmir.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne wani ƙaramin baƙin zabibi marar ƙwallo, da ake nomawa a yankin Moriya na ƙasar Girka, wanda ke hannun Turkawa, da tsibiran Zante da Kefaloniya, waɗanda ke hannun Banis. Akan tsinke inabin a ƙarshen bazararsu, a shanya shi a fili, ruwan sama ɗaya na iya lalata wahalar shekara. In ya bushe sai a zuba shi a ganga, a tattake da ƙafa har ya dunƙule. Mutanen Ingila sun ɗora ransu a kansa, suna sa shi a burodi da kek, musamman lokacin Kirsimeti, don haka jirgin da ya riga isa Landan shi ke da kasuwa.

Rikicin farko a bakin ƙofa yake. Duk Ba'ingilen da ba ɗan kamfani ba ne, in ya shigo da zabibi, ko dai a ɗauke shi ɗan fasa-ƙwauri, ko ya biya kamfanin sule biyar da sisi a kan kowane awo na kimanin kilo 50. Sabuwar takardar izini ta 1600 ta ɗora wa kamfanin biyan fam 4,000 duk shekara ga fadar Ingila, wato hukuma na da nata rabo a cikin tare hanyar. Da Sarki James na Ɗaya ya hau, fada ta karɓe wannan kuɗi ta mayar da shi harajinta, ya hau kan 'yan kamfanin su ma. A 1606 ɗaya daga cikinsu, John Bate, ya ƙi biya, yana cewa sarki ba shi da ikon sa haraji ba da yardar majalisa ba. Kotu ta bai wa sarki gaskiya. Abin da ke ci mini rai a nan shi ne, kuɗin da Bate ya kira zalunci, su ne suka yi ta karɓarsa daga 'yan'uwansu fatake ba tare da sun ga aibinsa ba.

Takardar izinin da Sarki James ya bai wa kamfanin a 1605 ta ce an buɗe ƙofa, kowa ya yi ciniki da jarinsa a ƙarƙashin dokokin kamfani. Amma kuɗin shiga fam 25 ne ga matashi, fam 50 ga wanda ya manyanta, kuma sai ɗan sari zalla. Mai kanti da ke sayarwa kaɗan-kaɗan, wanda ya fi kowa sanin abin da matan gida ke nema, ba shi da gurbi. Fataken garuruwa irin su Biristol sun daɗe suna kukan cewa Landan ta cinye komai.

Rikici na biyu a cikin gida yake, kuma shi ya fi nuna yadda babakere ke aiki. Attajiran na zaune a Landan, masu saye kuwa wakilansu ne, galibi samari masu cin la'ada a Zante da Fataras, tashar jiragen ruwa ta yankin Moriya. In jirage sun taru, kowane wakili na son ya cika nasa ya riga tashi, sai su yi ta ƙara wa juna farashi. Manoman tsibiran kuma tsabar kuɗi suke so, ba yadi ba. Kamfanin ya sha ƙoƙarin ƙayyade farashin da ba za a wuce ba, da yawan abin da za a saya, don manomi ya rasa wanda zai taya masa da tsada. Wannan shi ne babakeren saye, wanda ba a cika maganarsa ba, alhali shi ke danne mai noma kamar yadda babakeren sayarwa ke danne mai ci. Sai dai yarjejeniyar ba ta daɗewa. Wani wakilin ya ƙara kuɗi a ɓoye, wani ya sayi nasa na kansa ya cusa a jirgin maigidansa, sauran su rubuta ƙara zuwa Landan.

A ƙasar Turkawa, izinin da aka ba su ya tanadi cewa in rigima tsakanin Ba'ingile da Ba'ingile ce, jakadansu na Istanbul ko ƙaramin jakada a Izmir ko Halab shi zai raba gardama, ba alƙalin gari ba. Kamfanin ne kuma ke biyan albashin waɗannan jakadu daga kuɗin da yake cira a kan kaya. Saboda haka ɗan kasuwar da ke ƙorafi a kan kamfani, gaban ma'aikacin kamfani zai kai kukansa.

Sai a 1753 majalisar Birtaniya ta rage kuɗin shiga zuwa fam 20, ta buɗe ƙofa ga sauran 'yan ƙasa. Kamfanin ya mayar da takardar izininsa ga hukuma a 1825, gwamnati ta karɓi ragamar ofisoshin jakadancin.