Wasan Labari na Maƙalewa a Duniyar Kwamfuta

Wasan labari nau'in wasan kwamfuta ne da ake yi da rubutu zalla. Allo zai bayyana wa ɗan wasa inda yake, shi kuma ya rubuta umarni ko ya taɓa zaɓi, labarin ya juya gwargwadon abin da ya yi. Akwai reshensa na barkwanci, inda jarumi yake sanya tabaran da ke nuna duniyar kwamfuta, na'urar ta ƙi sakinsa, sai ya nemi mafita daga ciki.

Tushen fannin a Amurka yake. Will Crowther ne ya rubuta wasan Colossal Cave Adventure wajen 1976, Don Woods ya faɗaɗa shi a 1977. Graham Nelson ya fitar da manhajar Inform a 1993, Chris Klimas kuma ya fitar da Twine a 2009; dukansu manhajoji ne na rubuta irin wannan wasa. Tun 1995 ake gudanar da gasar wasannin labari mai suna IFComp kowace shekara.

Ginshiƙin reshen barkwancin nan shi ne taswira biyu da ke tafiya tare: inda jarumi yake gani, da inda jikinsa yake a zahiri. Idan aka kafa labarin a Kano, yana iya ganin kansa a fada yana miƙa hannu ya ɗauki takobi, alhali yana zaune a shagon waya a Farm Centre, cajar mai shago ya fizge. Dariyar daga wannan saɓani take fitowa, don haka kowane umarni yana buƙatar sakamako biyu. Marubucin da ya rubuta guda ɗaya ya bar rabin aikin.

Ga mai rubutu da Hausa, Twine ya fi sauƙi. Ana raba labari gaɓa-gaɓa, a haɗa su ta sanya sunan gaɓa cikin baka biyu, kamar [[Cire tabarau]]. Abin da wasan zai tuna, misali ko an sami makulli, ana ajiye shi da suna mai alamar $ a farko. A ƙarshe fayil ɗin HTML guda ake samu, wanda ake turawa ta WhatsApp.

Inform an gina shi ne kan nahawun Turanci, kuma nan matsala take. Ɗan wasa ya rubuta "bude kofa", wasan yana jiran "buɗe ƙofa", sai ya ce bai gane ba. Dole a yi rajistar kowace kalma mai ƙugiya da siffofinta biyu, a ƙara masu ma'ana ɗaya irin su ɗauki da ɗauko.

Kuskure mafi muni shi ne maƙalewa ta gaske: ɗan wasa ya yar da wani abu tun farko, ashe sai da shi ake fita, kuma ba hanyar komawa. Maganinsa a hana yar da irin waɗannan kaya, sannan a ba wanda bai san labarin ba ya buga daga farko, ana rubuta duk inda ya tsaya.