Karrama Masu Aikin Sa-Kai a Shirin Ko-Ta-Kwana da Agajin Gaggawa: Tambayoyi da Amsoshi

Idan ambaliya ta janye ko gobara ta mutu, akan zauna a lissafa asara: rayuka nawa, gidaje nawa, dukiya nawa. Ba kasafai ake lissafa mutanen da suka hana asarar ta fi haka ba, waɗanda ba albashi suke karɓa ba, ba kuma wanda ya tilasta musu fitowa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi tasowa duk lokacin da aka ce za a karrama irin waɗannan mutane.

Su wane ne masu aikin sa-kai a wannan fanni?

Kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka yi rajista da wata ƙungiya, aka horar da su, kamar 'yan agajin Red Cross da Red Crescent ko 'yan kwana-kwana na sa-kai. Akwai kuma waɗanda ba su da katin kowa: maƙwabcin da ya ji ihu ya fito da shebur, mai kwale-kwalen da ya yi ta sawu yana kwaso mutane, matar da ta buɗe ƙofarta ga iyalai uku.

Kashi na biyun sukan riga kowa isa wurin. A girgizar ƙasar da ta afka wa birnin Kobe na Japan ranar 17 ga Janairun 1995, wadda ta kashe sama da mutum 6,000, hanyoyi sun toshe, gobara ta tashi a wurare da yawa lokaci guda. Binciken da aka yi daga baya ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka zaro da rai daga ƙarƙashin ɓaraguzai, 'yan uwa da maƙwabta ne suka zaro su. Ƙasar da ke da kayan aiki irin na Japan ke nan.

Wanda ya yi abu don Allah, me zai yi da yabo?

Da yawansu za su ce maka ba sa buƙata, kuma da gaske suke. Amma karramawa ba don su kaɗai ake yin ta ba. Aikin ko-ta-kwana aiki ne na jira. Mutum zai yi shekara biyar yana zuwa atisaye, yana duba akwatin magani, yana sabunta lambobin waya, ba abin da ya faru. A irin wannan shirun ne mutane ke zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba don sun daina damuwa ba, sai don suna ganin ba wanda ya san suna yi. Ranar da abin ya zo, sai a tarar rabin sunayen da ke cikin littafi sun daɗe da barin aiki.

Akwai wani amfanin da ake raina shi. Wanda aka tsayar a gaban jama'a aka ce wannan shi ne mai kula da gargaɗi a unguwarku, an ba shi wani abu da zai yi masa aiki da tsakar dare: idan ya buga ƙofa ya ce a tashi, za a tashi. Gargaɗi bai da amfani idan ba a yarda da mai kawo shi ba.

Tarihin wannan aiki ma ya fara ne da mantuwa. Henry Dunant, wanda ya tara matan ƙauye suka kula da sojojin da aka raunata bayan yaƙin Solferino a arewacin Italiya a 1859, abin da ya kai ga kafa Red Cross a 1863, ya karye a kasuwanci, ya yi shekaru cikin talauci har wasu suka ɗauka ya mutu. Sai a 1895 wani ɗan jarida ya gano shi a garin Heiden na Suwizalan. A 1901 aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, ta farko da aka taɓa bayarwa, shi da Frédéric Passy, wani ɗan Faransa mai fafutukar zaman lafiya.

Wa ya fi cancanta: wanda ya ceci rai a cikin ruwa, ko wanda ya shirya tun kafin ruwan ya zo?

A nan ne nake ganin masu shirya bikin karramawa suka fi yin kuskure. Ceto yana da hoto. Ana ganin mutum jiƙe sharkaf da yaro a kafaɗa, zuciya ta motsa, kuma ya cancanci yabo, ba shakka. Shiri kuwa ba ya barin hoto. Idan ya yi kyau, sakamakonsa shi ne babu labari.

Ka ɗauki wadda ta bi gida-gida da littafinta tana rubuta wane tsoho ne ba ya iya tafiya, wace ce ke da juna biyu, wane gida ne ke da kurma da ba zai ji jiniya ba. Ta koma bayan wata shida ta goge wanda ya tashi, ta ƙara jaririn da aka haifa. Ranar da ruwa ya taso, an kwashe waɗannan mutane tun da sauran haske, don haka babu wanda ya shiga ruwa neman su. Ba a fafe gora ranar tafiya, ita ce ta fafe shi, amma sunanta ba ya fitowa a rahoton kowa.

Bangaladesh ta nuna nauyin irin wannan aiki. Guguwar Nuwamban 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a gaɓar tekun yankin. A 1972 aka kafa shirin tunkarar guguwa, wanda gwamnati da ƙungiyar agajin ƙasar ke gudanarwa tare, kuma ƙashin bayansa dubun-dubatar masu sa-kai ne na ƙauyuka. Aikinsu shi ne ɗaga tutar gargaɗi, hawa keke da lasifika a hannu, da lallashin wanda ya ƙi barin dabbobinsa. Duk da haka, a wata guguwar a 1991 an sake rasa kusan mutum 138,000. A guguwar Sidr ta 2007 adadin ya sauko zuwa 'yan dubbai. A 2020, kafin guguwar Amphan ta iso, an kwashe sama da mutum miliyan 2 zuwa mafaka, kuma waɗanda suka mutu a ƙasar 'yan gomomi ne. Ingantuwar hasashen yanayi da gina mafaka sun taimaka ƙwarai, amma hasashe ba ya buga ƙofa, mutum ne ke bugawa.

Akwai kuma haɗari idan jarumta kaɗai ake yabawa: ana koya wa matasa cewa faɗawa cikin wuta shi ne aikin. Bayan girgizar ƙasar birnin Meziko a Satumban 1985, mutanen gari marasa horo sun ceto kimanin mutum 800, amma kimanin 100 daga cikin masu ceton sun mutu a ƙoƙarin. Darasin nan yana cikin abin da ya sa hukumar kashe gobara ta Los Angeles ta fara horar da mazauna unguwanni, shirin da ake kira CERT, wanda hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta yaɗa shi faɗin ƙasar daga 1993. Abu na farko da ake koyarwa a ciki shi ne kada mai ceto ya zama wanda za a ceta. Don haka wanda ya tsaya a bakin gini mai rangaji ya hana abokansa shiga har ƙwararru suka iso, shi ma ya yi aikin da ya cancanci a kira sunansa.

Shin lambar yabo da takardar shaida sun wadatar?

Suna da daraja, kada a raina su. Ostareliya ta kafa lambar yabo ta ƙasa ta ayyukan gaggawa a 2011, kuma tana da wata da ake bai wa wanda ya yi shekara 15 yana hidima, ciki har da masu sa-kai. Mutum yakan rataye irin wannan a ɗakinsa, jikokinsa su tambaye shi labarinta.

Amma wanda aka miƙa wa takarda a zauren taro, washegari aka tura shi cikin ambaliya ba rigar kariya, ba takalmi, ba inshora, ba a karrama shi ba. Girmamawar da ta fi shiga jiki ita ce kayan aiki masu kyau, horon da ake sabuntawa, da tabbacin cewa idan ya karye akwai mai biyan kuɗin asibiti. A Jamus, inda mafi yawan 'yan kwana-kwana masu sa-kai ne, doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya saki ma'aikacinsa idan an kira shi, albashinsa ya ci gaba, hukuma kuma ta mayar wa kamfanin kuɗin. Ba wanda ya tafa wa kowa a cikin wannan doka, amma ta cire wa mutum zaɓi tsakanin ceton maƙwabci da abincin 'ya'yansa.

Wani lokaci karramawar ita ce a gyara abin da ya kashe su. A igiyar ruwan tsunami ta 11 ga Maris 2011 a Japan, sama da 'yan kwana-kwana na sa-kai 250 suka mutu ko suka ɓace, da yawansu suna ƙoƙarin rufe ƙofofin katangar teku ko jagorantar mutane zuwa tudu. Bayan haka aka sake duba ƙa'idojin aiki, aka sa musu lokacin da dole su janye su tsira da ransu, aka kuma mayar da ƙofofi da dama masu rufuwa daga nesa.

A ba su kuɗi?

A mayar musu da abin da suka kashe: kuɗin mota, na kiran waya, na abinci a ranar aiki. Wannan haƙƙi ne. Idan ba a yi haka ba, mai hali kaɗai zai iya sa-kai, alhali talaka ne ya fi zama a inda ruwa ke ci. Abin da ke ɓata ƙungiya shi ne alawus da ake rabawa a ɓoye, wasu su samu wasu su rasa, ko wanda aka fara bayarwa aka yanke ba bayani. Kuma idan aiki ya zama na kullum daga safe zuwa yamma, ya tashi daga sa-kai, ya kamata a ɗauki mutumin aiki a biya shi.

Ta yaya za a zaɓa ba tare da son kai ba?

A faɗi ma'auni tun kafin a karɓi sunaye, a rubuce. A bar abokan aiki da mutanen da aka taimaka su kawo suna, domin su suka ga wanda ya kwana a wurin. Idan shugabanni kaɗai ke zaɓa, sai a koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: wanda ya iya magana a gaban kyamara ya tafi da lambar, wanda ya ɗauki buhu ya koma gida. Masu sa-kai suna lura da wannan fiye da yadda ake zato, kuma biki ɗaya na rashin adalci ya isa ya watsa ƙungiyar da aka yi shekaru ana ginawa.

A riƙa yabon rukuni gaba ɗaya idan aikin na rukuni ne. A kuma faɗi takamaiman abin da mutum ya yi. "Saboda gudummawarsa ga al'umma" kowa ana iya ce masa haka. "Saboda shi ne ya riƙa gwada rediyon gargaɗi kowane mako tsawon shekara 6" magana ce da mai ita zai san an gan shi. Sannan a tambaye shi tukuna, domin akwai wanda ba ya son a kira sunansa a fili, godiya a keɓe ta fi masa.

Su wa aka fi mantawa?

Masu dafa wa 'yan gudun hijira abinci, masu riƙe yaran da suka rabu da iyayensu, masu zama a bakin waya, masu tafinta. Mata ne mafi yawa a cikinsu. Sai kuma waɗanda aikinsu ke sa a guje su. A annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016 a Gini, Laberiya da Saliyo, wadda ta kashe sama da mutum 11,000, gawa tana cikin manyan hanyoyin yaɗuwar cutar. Masu sa-kai ne suka sa rigar kariya cikin zafi suna binne mamata yadda cutar ba za ta yaɗu ba, ba tare da an wulaƙanta gawa ba. Da suka koma gida, wasunsu abokai suka ƙaurace musu, wasu aka kore su daga gidan haya. Mujallar Time ta zaɓi masu yaƙi da Ebola a matsayin gwarzayen shekarar 2014, abin a yaba ne. Amma abin da mai binne gawa ya fi buƙata shi ne wani mai faɗa-a-ji na garinsu ya miƙa masa hannu a gaban mutane.

Akwai ranakun da aka keɓe?

Akwai. Ranar 5 ga Disamba ta masu aikin sa-kai ce, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana ta a 1985. Ranar 13 ga Oktoba ta rage haɗarin bala'o'i ce, 8 ga Mayu kuma ta Red Cross da Red Crescent, ranar haihuwar Dunant. Japan ta mayar da 17 ga Janairu ranar rigakafin bala'i da aikin sa-kai, tunawa da sama da mutum miliyan 1 da suka je Kobe taimako.

Me ya kamata a yi wa wanda aikin ya bar masa tabo, ko iyalin wanda ya rasu?

Mai sa-kai na unguwa ya bambanta da wanda aka turo daga nesa: gawar da ya ɗauko wataƙila ta ɗan maƙwabcinsa ce, kuma shi ma gidansa ruwa ya ci. Wasu barci yake gagarar su tsawon watanni, wasu ƙarar jiniya kawai ta isa jikinsu ya ɗauki rawa. Ya kamata a ba shi hutu ba tare da an sa masa jin kunya ba, a sama masa wanda zai saurare shi, a kai shi ga likita idan abin ya ƙi wucewa. Kada a matsa masa ya hau mumbari ya ba da labarin da bai shirya bayarwa ba.

Iyalin wanda ya rasu kuwa, ranar jana'iza kowa yana nan. Aikin ƙungiya yana farawa ne bayan an watse: a sa mutum ɗaya takamaimai ya bi musu takardun diyya har kuɗin ya fito, a san halin da karatun yaran ke ciki, a rubuta sunan mamacin a inda sababbin shiga za su gani, a kuma gaya wa iyalin gaskiyar yadda abin ya faru da abin da aka gyara bayansa.