Ba Kai Ne Sila Ba

Rashin uwa ko uba ciwo ne, ko ta wace hanya mutuwar ta zo. Amma idan su ne suka kashe kansu, ɗa yakan kwana ya tashi da tambayar "me ya sa?", alhali mai amsa ta ya riga ya tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, kuma da yawansu iyaye ne. In abin ya same ka, ba gidanku kaɗai ba ne, ko da ba ka taɓa jin wani ya faɗi nasa ba.

Abin da mu ma'aikatan lafiya muka fi ji daga bakin 'ya'yan shi ne zargin kai. "Da na ɗaga wayar Baba a daren nan." "Da ban yi wa Mama gardama ba." Ka saurare ni da kyau: da wuya abu guda ya kai mutum ga kashe kansa. Galibi abubuwa ne ke taruwa, kamar ciwon damuwa mai tsanani da ba a yi maganinsa ba, ko shaye-shaye, ko ciwon jiki da ya ƙi ƙarewa, ko bashi da kaɗaici. Ciwon damuwa yana ƙuntata tunani har mutum ya daina hango mafita, wani ma ya yarda cewa iyalinsa za su fi hutawa in babu shi. Ciwon ne ke faɗa masa haka. Alamomin da kake gani ƙarara a yau, ka gan su ne bayan ka san ƙarshen labarin. Likitocin ƙwaƙwalwa ma, da duk karatunsu, ba sa iya tantance wanda zai aikata da ranar da zai aikata.

Za ka iya jin haushin mamacin don ya tafi ya bar ka. Wanda ya daɗe yana jinya kuwa, wani lokaci har ɗan sauƙi yake ji, sai kuma kunyar jin sauƙin ta kama shi. Duk wannan cikin alhini yake, ba rashin ƙauna ba ne.

Inda na fi ganin ɓarna shi ne wajen ɓoyo. Dangi sukan haɗa baki a ce hatsari ne ko hawan jini, musamman a gaban yara. Niyyar mai kyau ce, amma yaro yakan tsinci gaskiya a bakin wani, sai ya rasa mahaifi kuma ya rasa yarda da waɗanda suka rage. Ƙananan yara kuma suna da saurin ɗora wa kansu laifi, wai ƙin jinsu ne ya jawo. A faɗa masa daidai hankalinsa: "Babanku ya yi rashin lafiya a tunaninsa, ciwon ya yi ƙarfi har ya sa ya kashe kansa. Ba laifinka ba ne, kuma muna nan tare da kai." Ba sai an bayyana masa yadda abin ya auku ba. Zai sake tambaya bayan shekaru, a sake amsa masa.

Samun wanda ya ɗanɗani irin rashinka yana rage nauyi ƙwarai. Marigayi Harry Reid, tsohon sanatan Amurka, wanda mahaifinsa ya kashe kansa a 1972, shi ya gabatar da ƙudurin da ya sa tun 1999 ake ware rana a watan Nuwamba domin masu irin wannan rashi su haɗu su yi magana. In babu irin wannan taro kusa da kai, mutum ɗaya mai riƙe sirri ma ya isa a fara da shi.

Alhini ba shi da wa'adi. Amma in an wuce wata 6 kewa ta hana ka aiki, barci da hulɗa da mutane, ka ga likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa alhini mai tsawo irin wannan cikin jerin cututtuka, kuma ana maganinsa. Bincike ya nuna 'ya'yan da suka yi wannan rashi sun fi sauran shiga haɗarin ciwon damuwa da tunanin kashe kai, sai dai mafi yawansu ba sa bin wannan hanya, don haka kada wani ya ce maka gado ne. In tunanin mutuwa ya fara zo maka, ko ka koma ga ƙwaya don ka samu barci, kada ka jira wata 6 ɗin. Faɗa wa wani a ranar, ku tafi asibiti tare, a kuma kawar da duk abin da zai iya cutar da kai daga ɗakin.

Ku kuma masu zuwa gaisuwa, ku bar tambayar yadda aka yi, ku bar yanke wa mamaci hukunci a gaban ɗansa. Ku ambaci sunansa da alherin da kuka sani nasa, sannan ku sake leƙowa bayan wata biyu ko uku, lokacin da ƙafa ta ɗauke.