Ƙarin jini: me ya sa likita ke cewa a dakata?

"Likita, a ƙara masa jini mana, ko leda ɗaya ce." Na ji wannan roƙo a bakin ɗakin majinyata nan Damagaram har ba na iya ƙirgawa. Mai faɗa yana faɗa ne don ƙauna, kuma a zuciyarsa jini kamar abinci ne: in ka samu ƙari, ka ƙara ƙarfi. Ni da nake aiki tsakanin ɗakin awo da firijin da ake ajiye jini, ina so in bayyana abin da ya sa sau da yawa muke cewa a dakata.

Wata damina, cikin watan Satumba, wani dattijo daga unguwar Birni ya kawo ɗansa ɗan shekara 19. Yaron bai daɗe da dawowa daga ƙasar waje ba, inda aka yi masa aikin zuciya aka canza ɗaya daga cikin ƙofofinta. Ciwon maƙogwaro ne da ba a magance ba tun yana ƙarami ya lalata ta, kuma irin wannan ya yi yawa a wajenmu. Awo ya nuna hemogulobin ɗinsa, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, yana kan giram 8.4. Dattijon ya kama hannun yaron ya buɗe mini tafinsa.

"Ɗana, dubi nan. Fari fat. Ga yayyensa biyu na zo da su, a ɗibi nasu a sa masa."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri. Yana tafiya da ƙafarsa, ba ya haki, bugun zuciyarsa daidai, ba inda jini ke zuba. Likitansa ya ce maganin ƙarin jini na haɗiya zai sha, mu sake awo bayan mako biyu."

Bai ji daɗi ba, na ga haka a fuskarsa. A ranar leda biyu kacal suka rage mana na rukunin jinin yaron. Bayan sallar isha'i aka shigo da wata yarinya ƴar shekara 3 daga wani ƙauye ta hanyar Mirriya, zazzaɓin cizon sauro ya cinye mata jini har ya sauka giram 3. Numfashinta sama-sama, leɓenta kamar an shafa toka, uwar ta rungume ta tana ta salati. Ɗaya daga cikin ledojin nan biyu ita aka ɗaura wa, kuma da safe ta buɗe ido ta nemi kunu.

Wani zai ce ai rashi ne ya sa muke tsuke hannu, da muna da jini da yawa da mun ba kowa. Amma ƙasashen da firijinsu ke cike su ne suka fara tambayar kansu ko suna zuba jini fiye da kima, kuma aikin zuciya na cikin wuraren da tambayar ta fi zafi. Dalili shi ne yana cikin ayyukan da suka fi cin jini a asibiti. Ana buɗe ƙirji, a haɗa majinyaci da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu, ruwan da ke cikin bututun na'urar ya tsinka jininsa, a kuma ba shi maganin hana jini daskarewa. Da wuya mutum ya fito daga wannan ba tare da jininsa ya ragu ba. Shekaru da dama al'adar likitoci ita ce da zarar awo ya yi ƙasa da giram 10, a ɗaura leda.

A 2017 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna TRICS-III, wanda likitocin Kanada suka jagoranta a ƙasashe 19, kan mutum 5,243 da aka yi wa aikin zuciya. Aka raba su biyu. Kashi ɗaya ba a ƙara musu jini sai awo ya sauka ƙasa da 7.5. Ɗaya kashin ana ƙara musu tun daga 9.5 a ɗakin tiyata da ɗakin kulawa ta musamman, ko 8.5 in sun koma ɗakin jinya. A kashin farko kusan mutum 52 cikin 100 ne aka ƙara wa jini, a na biyu kusan 73. Da aka haɗa mutuwa, toshewar jijiyar zuciya, shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙoda, sai aka samu kashi 11.4 cikin 100 a wajen waɗanda aka jira, 12.5 a wajen waɗanda aka gaggauta. Ma'ana, a duk majinyata 100, wajen 20 sun tashi ba tare da jinin wani ya shiga jikinsu ba, kuma ba su cutu ba.

Dole in faɗi ɗaya ɓangaren, don maganar lafiya ba a ɓoye rabinta. Kafin wannan, a 2015, an yi irin binciken a Birtaniya, TITRe2, kan mutum kusan 2,000. Can ma an rage yawan waɗanda aka ƙara wa jini sosai, daga 92 cikin 100 zuwa 53. Sai dai cikin wata uku waɗanda suka rasu a ɓangaren jira sun kai kashi 4.2, a ɗaya ɓangaren 2.6, kuma da aka lissafa duka kuɗin jinya bambancin bai taka kara ya karya ba. Wannan ya girgiza likitoci, shi ya sa aka jira babban binciken da ya biyo baya da ɗoki. Darasin da muke aiki da shi yau: lambar awo jagora ce, amma likita sai ya dubi mutumin. Wanda jini ke zuba, ko yana haki, ko jijiyoyin zuciyarsa sun toshe yana ciwon ƙirji, ba a tsaya jiran lamba a kansa.

To ina maganar kuɗi? Mutane kan ce, "Ai ɗan'uwana ne ya bayar kyauta, me aka kashe?" Jinin kyauta ne, Allah ya saka wa mai bayarwa. Amma daga hannunsa zuwa jijiyar majinyaci akwai hanya mai tsada. Ledar kanta da ruwan da ke hana jinin daskarewa daga waje ake sayo su. Kowace leda sai an auna ta don ƙanjamau, ciwon hanta iri B da C, da tunjere, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Sai a gano rukuninta, a gwada ta da jinin wanda za a ba. Sai firiji da zai riƙe ta tsakanin digiri 2 zuwa 6 dare da rana, a garin da zafin Afrilu ke wuce 40, in wuta ta ɗauke a tada inji a sayi gazuwal. Bayan duk wannan, irin ledar da aka saba da ita kwana 35 take yi ta lalace. Wani lissafi da aka buga a 2010 daga asibitoci huɗu na Amurka da Turai ya nuna leda ɗaya, in an haɗa duka aikin da ke kanta, tana cin dalar Amurka 522 zuwa 1,183, wato mafi ƙanƙanta wajen jaka 300 na sefa. Namu bai kai haka ba, amma a nan abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne ledar da ka ba wanda zai iya jira, ka hana wanda ba zai kai asuba ba.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a ƙasashe masu arziki ana samun kyautar jini 31.5 daga kowane mutum 1,000, a ƙasashe matalauta 5 kacal. Kuma a irin ƙasashenmu har kashi 54 cikin 100 na jinin da ake ƙarawa yara ƴan ƙasa da shekara 5 ne ke karɓa. Wanda ya taɓa shiga ɗakin yara a Magarya ko Matamaye tsakanin Agusta da Oktoba ba ya buƙatar a karanta masa wannan. Ga kuma mata masu zubar jini bayan haihuwa.

Jinin wani kuma ba ruwan sha ba ne. Jiki na iya ƙin sa, zazzaɓi ya tashi, ko ruwa ya cika huhu, musamman ga mai raunin zuciya irin ɗan dattijon nan. Awo yana rage haɗarin cuta ƙwarai, amma bai share shi ɗungurum ba.

Idan an ce za a yi wa naka aikin zuciya a Yamai ko a waje, ko ma wata babbar tiyata ce a nan gida, ka nemi a auna jininsa makonni kafin ranar. In ya yi ƙasa a nemi dalili: tsutsar ciki, zazzaɓi, ƙarancin sinadarin ƙarfe, ko jinin al'ada mai yawa. A sha magani a kan lokaci, a ci hanta, wake, zogale da nama gwargwadon hali, a kuma nisanta shayi daga lokacin cin abinci don yana hana jiki tsotsar ƙarfen. Ka gaya wa likita duk maganin da yake sha, har aspirin da na gargajiya, domin wasu na tsinka jini. A ɗakin tiyata ma akwai dabaru: allurar taranekzamik mai araha da ke rage zubar jini, da na'urar da ke tattara jinin majinyaci ta wanke ta mayar masa.

Yayyen yaron nan biyu ba su koma gida haka ba. Na ce da dattijon, "Baba, tun da sun zo, ku bar su su bayar, wani zai amfana." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Bismillah." Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba cikin lita wajen 5 da babba ke da shi. Duk mai shekara 18 zuwa sama, mai lafiya, mai nauyin kilo 50, zai iya: namiji duk wata uku, mace duk wata huɗu. Ranar 14 ga Yuni ake bikin masu ba da jini a duniya, kuma jama'a na zuwa, amma jinin Yuni ba ya kai Satumba. Mu a nan mun fi buƙatar ku daga lokacin da gero ya fara kai har a gama girbi.