Mece ce melanoma, kuma me ya haɗa ta da yara?

Melanoma nau'in sankarar fata ce da ke farawa daga ƙwayoyin da ke samar da melanin, sinadarin da ke ba fata launinta. Ba ita ta fi yawa a cikin sankarorin fata ba, amma ta fi su kisa, saboda tana saurin yaɗuwa zuwa huhu, hanta da ƙwaƙwalwa. Sau da yawa da kamannin tawadar Allah take zuwa, sai a ga tawadar tana faɗi, gefenta ya karkace, launinta ya cakuɗe, ko tana fitar da jini.

A ƙananan yara ba kasafai ake ganinta ba. Sai an shiga shekarun balaga take ɗan ƙaruwa. A Amurka alƙaluman matasan da ke kamuwa da ita sun yi ta hawa tun shekarun 1970, daga baya suka fara sauka. Ostireliya, inda cutar ta fi kamari, tun 1981 ta fara gangamin sa riga, shafa man kariya da ɗora hula don kare fata daga hasken rana, wanda ke cikin abubuwan da ke jawo cutar, kuma a yau ta ragu a tsakanin matasanta. Akwai kuma gadon lantarki da Turawa ke kwanciya a ciki don fatarsu ta yi duhu. A 2009 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo cutar, Brazil ta hana shi a shekarar.

Baƙar fata garkuwa ce, amma ba ta hana komai ba. A wurinmu melanoma ta fi ɓuya a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, inda ake ɗaukarta a matsayin tabon tuntuɓe. A farcen ƙafa ta fara wa mawaƙin nan Bob Marley, ta yi ajalinsa a 1981.

Yaran da rana ta fi yi wa ɓarna a nan su ne zabiya. Su wasu nau'o'in sankarar fata suka fi kamawa, ba melanoma ba, kuma tun yarinta ɓarnar ke taruwa. Dubi yaro zabiya da aka ɗora wa talla da azahar, ba malafa: ƙeya ta yi ja, leɓe ya tsage, saman kunne ya yi kaushi. Irin wannan kaushin ne wani lokaci ke komawa gyambon da ba ya warkewa tun yana saurayi.