Waiwaye: gardamar sauyi a cocin Katolika ta daɗe da tushe

Ran Lahadi bayan Misa a Maraɗi, a inuwar bedi da ke harabar coci, na tarar da dattawa biyu suna ta kai ruwa rana. Ɗaya na cewa Roma ta cika sauye-sauye, ɗayan na cewa ai cocin da ba ya motsi ya mutu. Matasa da ke gefe sun ɗauka takardar da fadar Paparoma ta fitar a Disamban 2023, wadda ta yi maganar sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka, ita ce mafarin rigimar. Abin ya girme ta nesa ba kusa ba.

Kowa ya san babban taron Vatikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, wanda ya buɗe ƙofar yin Misa da harsunan mutane maimakon Latinanci kaɗai. An kuma san cece-kucen da takardar Paparoma ta 1968 kan tsarin iyali ta jawo.

Wanda aka cika mantawa shi ne Kampala, a ƙarshen Yulin 1969. Paparoma Paul na shida ya je Uganda, karon farko da wani Paparoma mai ci ya taka ƙasar Afirka, ya shaida wa bishop-bishop ɗin nahiyar cewa daga yanzu su ne masu kai wa kansu bishara, kuma suna da iko, har ma wajibi ne, su samu Kiristanci mai kamannin Afirka. A wannan zama aka kafa ƙungiyarsu ta SECAM. Ni a ganina nan ne igiyar ta fara komawa hannunmu. Gangar da ake kaɗawa a cocinmu yau, waƙoƙin Hausa, rausayar mata lokacin kai baiko, wato sadakar coci, duk ta wannan ƙofa suka shigo. Dattijon nan mai kukan sauyi, da Hausa yake rera waƙar da yake kira gadon iyaye, alhali a idon limaman farko baƙuwa ce.

Kuma da ƙarfin wannan magana ta Kampala ne SECAM ta miƙe a Janairun 2024 ta ce ba za a yi waccan albarka a cocin Afirka ba. Ƙofar da ta shigo da ganga, ita ce ta ba da damar cewa a'a.

Diyosis ɗin Maraɗi, wato yankin da bishop ɗinmu ke kula da shi, da aka yanko daga na Yamai a 2001, ya haɗa har Damagaram, Tawa, Agadas da Difa, mabiyansa ƴan tsiraru ne cikin Musulmi. Tambayar da ta fi ci wa mutanenmu tuwo a ƙwarya ita ce ta magidanci mai mata biyu da ke neman baftisma, da makomar uwargida ko amaryar da za a ce ya saki da ƴaƴanta. Babban taron bishop-bishop da aka yi a Roma a 2023 ya miƙa wa SECAM nazarin wannan batu na auren mata fiye da ɗaya, kuma malaman katikisim na ƙauyuka sun ƙosa su ji abin da za su faɗa wa irin wannan magidanci idan ya sake zuwa.