Sabunta inshorar mota: inda doka ta bar ƙofar ciniki da inda ta rufe ta

Duk shekara idan takardun mota suka kusa ƙarewa, yawancinmu hanya ɗaya muke bi. A miƙa wa wani da ya san kan ofishin lasin kuɗi a dunƙule, bayan kwana biyu ya dawo da takardu a maƙale da juna, a cusa su cikin aljihun mota, sai kuma ranar da 'yan sanda ko jami'an VIO suka tsayar da mutum. A cikin tarin nan akwai takardar inshora, amma da wuya mai mota ya iya faɗin sunan kamfanin da ke kanta, balle nawa aka biya. Ita kaɗai ce kuwa aka yi domin ta biya kuɗi a madadinka ranar da tsautsayi ya auku.

Yarjejeniyar inshorar mota ta shekara guda ce. Ranar da ta cika, ba ka bin kamfani komai, shi ma ba ya bin ka, kana da ikon komawa wani ba tare da asarar ko sisi ba. Wannan ne ya sa lokacin sabuntawa ya fi kowane lokaci dacewa da zagaya kasuwa. Sai dai a Najeriya doka ta shata wa cinikin iyaka, wanda bai san iyakar ba kuwa yakan je neman sauƙi ya dawo da takardar bogi.

Inshorar mota kashi biyu ce a dunƙule. Akwai ta dole, wadda ake kira tad fati a ofisoshin lasin. Ita ba ta gyara maka motarka. Aikinta biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani: ka bugi motarsa, ka rushe masa katanga, ka ji masa rauni, ko Allah ya kiyaye a rasa rai. Wajabcinta ya samo asali tun dokar 1945, zamanin Turawa, dokar inshora ta 2003 ta sake jaddada shi, sannan a watan Agustan 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora da ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda, wajabcin kuma yana nan. Ta biyu ita ce cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa da taka motar: haɗari, gobara, sata. Wannan ganin dama ce, sai dai in banki ne ya ba ka bashin sayen motar ya gindaya maka ita.

A watan Disambar 2022 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da sanarwar sabon farashi da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023. Inshorar dole ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiyar wani kuma ta tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Motar da ke ɗaukar kayan mai ita naira 20,000 ce, da iyakar miliyan 5. Manyan motocin dakon kaya naira 100,000, su ma miliyan 5. Adaidaita sahu naira 5,000 da iyakar miliyan 2, babur kuma naira 3,000 da iyakar miliyan 1. A lura, waɗannan iyakokin na dukiya ne, lissafin rauni da rai daban yake. Tun ranar 1 ga Fabrairun 2025 kuma rundunar 'yan sanda, ƙarƙashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ta fara matsa lamba a kan tituna. Hukuncin da tsohuwar dokar 2003 ta tanada wa mai tuƙi ba inshora shi ne tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara guda, ko duka biyun.

To a nan ne ƙofar ciniki take a rufe. Farashin inshorar dole ba na kamfani ba ne, na hukuma ne, babu kamfani mai lasisi da aka yarda ya sayar ƙasa da shi. Idan wani ya tare ka a bakin ofishin lasin ya ce zai yi maka ta motar gida a kan naira 5,000 ko 7,000 don kai nasa ne, to takarda kawai ya buga maka. Arha ba ta ado. Ranar da ka bugi bayan motar wani a danja, jama'a suka taru, mai motar ya kira bakanikensa ya yanka kuɗin bamba da fitilu, daga aljihunka za su fito, ga kuma laifin yawo da takardar jabu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutane da yawa cikakken kuɗin suka bayar, wanda suka aika ne ya ci rabin ya kawo musu bogi, su kuma suna tuƙi da kwanciyar hankali.

Gane gaskiyar takarda ba ya cin minti biyu. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa, NIA, tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda kowane kamfani ke shigar da motocin da ya yi wa inshora. Ka danna *565*11# a wayarka ka bi umarni ka sa lambar motar, ko ka shiga shafin askniid.org. Idan ta gaske ce za ka ga motarka da ranar da inshorar za ta ƙare. Ka duba bayan an kawo maka sabuwar takarda, kafin ka sallami wanda ka aika. Mafi alheri ma ka cire kuɗin inshora daga cikin dunƙulen, ka saya da kanka daga kamfani, a ofishinsa ko ta intanet, ka riƙe rasit.

Tunda farashi ɗaya ne ko'ina, me ya rage a kwatanta a inshorar dole? Biyan diyya. Naira 15,000 ɗin nan ba daidai take ba a hannun kamfanin da ke da ofishi a garinku yana ɗaga waya, da hannun wanda sai ka bi shi Legas. Ka tambayi direbobi a tasha da masu gyaran jikin mota, su suka san kamfanin da ke biya da wanda ke ja wa mutum rai har ya haƙura. Ka kuma tambayi katin Brown Card na ECOWAS, wato shaidar inshorar dole da ke aiki a sauran ƙasashen ƙungiyar, domin sanarwar NAICOM ta ce kuɗinsa na cikin wannan farashin. Mai zuwa Kwatano, Lome ko Kumasi da motarsa ya nemi nasa tun lokacin sabuntawa. Mai tsallakawa Maraɗi ko Damagaram kuwa, tunda Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, ya tambayi kamfaninsa matsayin katin a can kafin ya kama hanya.

Ainihin cinikin yana cikin cikakkiyar inshora, nan ne kuma kuɗi masu kauri suke. Sanarwar ta ce farashinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na ƙimar da aka yi wa motar, bayan an cire duk wani ragi da rangwame. Dalili shi ne kamfanoni sun daɗe suna karya farashi don ƙwace wa juna abokan ciniki, har wasu su karɓi kuɗin da ba zai isa biyan diyya ba idan an zo nema. Amma a duba da kyau, hukuma ta faɗi mafi ƙanƙantar farashi ne, ba ta faɗi mafi yawa ba. A Ingila akasin haka aka yi fama da shi, kamfanoni suna ƙara wa tsohon abokin ciniki kuɗi shekara bayan shekara suna yi wa sabo sauƙi, har hukumar kula da harkokin kuɗi ta can, FCA, ta haramta hakan daga 1 ga Janairun 2022. A sanarwarmu babu irin wannan kariyar. Idan kamfaninka ya aiko maka da takardar sabuntawa da farashi sama da kashi 5, bai karya doka ba, kai ne za ka nemi saukowa.

Mu ɗauka motarka ta kai naira miliyan 8. Kashi 5 ɗinta naira 400,000 ne, wannan ne ƙasan da ba mai sauka daga gare shi. Kamfanin da ya nemi kashi 7 yana neman naira 560,000 ke nan, bambancin naira 160,000 a shekara guda. Ka nemi farashi a rubuce daga kamfani biyu ko uku tun saura makonni inshorar ta ƙare, ka kai wa kamfaninka na yanzu ka ce ga abin da aka ba ka. Idan ka shekara ba ka nemi diyya ba, ka tambayi ragin da ake yi wa wanda bai yi haɗari ba, in kuma za ka tashi, ka karɓi takardar shaidar hakan ka tafi da ita. Wanda kuma ya ce zai yi maka a kashi 2 ko 3, ya saɓa wa umarnin hukumar da ke kula da shi tun kafin ku fara, ni ba zan ba shi amanar motata ba.

Ƙimar motar ita ma abin zama a duba ce, don a kanta ake yin lissafin. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin motoci ya yi tashin gwauron zabo, amma akwai masu sabunta inshora a kan ƙimar shekarun baya saboda kuɗin ya fi sauƙi. Idan aka sace motar, abin da ke rubuce ne iyakar abin da za a ba ka, ba zai sayi irinta ba. Ko a ƙaramin haɗari ma kamfani na iya rage diyya gwargwadon yadda ka rage ƙimar. Kumbura ƙimar shi ma asara ce, domin za ka biya kuɗi mai yawa, ranar biya kuma darajar motar a kasuwa za a duba. Ka leƙa wurin dillalan motoci ka ji nawa irin taka take yau, ka rubuta gaskiya.

Sai abin da ke cikin ƙananan rubutu, wanda a ganina ya fi bambancin kashi ɗaya ko biyu muhimmanci. Kusan kowace cikakkiyar inshora tana da wani kaso na kuɗin gyara da mai mota zai ɗauka da kansa kafin kamfani ya sa hannu. Kamfani biyu za su iya ba ka kashi 5 daidai wa daida, amma na ɗaya kasonka kaɗan ne, na biyu kuwa ya kai yadda fashewar fitila ko gogar ƙofa duk kai za ka biya. Ka tambaya a fili: ambaliya tana ciki? Ɓarnar tarzoma fa? Gilashin gaba? Kuɗin janwe zuwa gareji? Zan kai wa bakanikena ko dole sai garejinku? Sai na sa na'urar bin sawu kafin ku biya idan an sace? Duk amsar da aka ba ka da baki, ka ce a nuna maka ita a takarda. Wanda ba ya son wannan zirga-zirgar yana iya bi ta hannun dillalin inshora mai rajista da NAICOM, kamfani ne ke biyansa kamasho, aikinsa kuma ya kwatanta maka ya tsaya maka ranar neman diyya.

Idan motar ta tsufa har kashi 5 ɗin ya zama nauyi, akwai matsakaiciya tsakanin biyun, wadda ta haɗa inshorar dole da kariyar gobara da sata kawai. Ta fi cikakkiya sauƙi, sai dai gyaran haɗari yana wuyanka.

Da yawa daga cikin mutanenmu ba tsada ce ta nisanta su da inshora ba, shakku ne ta fuskar addini, shi ya sa suke ɗaukar takardar a matsayin abin nuna wa 'yan sanda kawai. Tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, yanzu kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful, Jaiz Takaful da Salam Takaful. A tsarinsu kuɗin da ka bayar gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, ana juya shi ta hanyar da ba riba da Shari'a ta hana, ƙarƙashin kulawar kwamitin malamai. Idan shekara ta ƙare aka samu rara bayan biyan diyya da kuɗin gudanarwa, ana raba wa mahalartan da ba su nemi diyya ba. Rarar ba alkawari ba ce, ta danganta da yadda shekarar ta kasance, amma tambaya ce da ta cancanci yi: yaushe kuka raba ta ƙarshe, kuma yaya ake lissafin rabon mutum?

Abu biyu ke ɓata inshorar gaske ta koma kamar babu. Na farko rashin biya. Tun watan Janairun 2013 hukuma ke aiwatar da ƙa'idar cewa kariya ba ta farawa sai kuɗi ya shiga hannun kamfani, don haka alkawarin "zan kawo ƙarshen wata" ba ya kare kowa, kwana ɗaya tsakanin ƙarewar tsohuwa da biyan sabuwa kuma tuƙi ne ba inshora. Na biyu ɓoye gaskiya don a samu sauƙi. Motar da aka rubuta ta gida alhali tana jigilar fasinja daga Kano zuwa Zariya, ko tana aikin Bolt, kamfani na da hujjar ƙin biya ranar da ya gano.

In haɗari ya faru, ka ɗauki hotuna a wurin, ka sanar da kamfani nan take, ka nemi rahoton 'yan sanda, kada kuma ka sa hannu a wata yarjejeniyar biya a bakin titi kafin kamfanin ya sani. Idan ka cika sharuɗɗa aka ci gaba da yi maka jeka-ka-dawo, ka rubuta wa kamfanin koke ka riƙe kwafi, sannan ka kai ƙara sashen karɓar koke na NAICOM tare da lambar takardar inshorarka da rasit ɗin biya.